Abin Da Ke Sa Shafin Burauza Mutuwa Idan Akwai Bidiyo Ko Hotuna, Da Yadda Ake Gyarawa

Mutum yana tsaka da kallon bidiyo ko duba hotunan kayan da yake son saya, sai kawai shafin ya koma fari fat, Chrome ta rubuta masa "Aw, Snap!". A iPhone kuwa Safari kan sake loda shafin da kanta, idan abin ya maimaitu ta rubuta "A problem repeatedly occurred". Abin ya fi ciwo ga wanda ya ɓata rabin awa yana cike fom ɗin neman aiki ko rajistar jarrabawa, da ya zo wajen ɗora hoton fasfo sai duk abin da ya rubuta ya goge. Data ta ƙone, lokaci ya tafi, wataƙila kuma ranar ce ta ƙarshe kafin a rufe shafin.

Da yawa sukan ɗora laifin a kan netwok, wasu su ce bairos ne ya shiga wayar. Yawanci ba ko ɗaya ba ne. Idan netwok ne, shafin zai tsaya yana juyawa ko ya ce babu intanet. Mutuwar shafi bayan ya riga ya buɗe matsala ce ta cikin wayar, kuma galibi ana iya magance ta ba tare da an kai wa mai gyara ba.

Me ke faruwa a cikin wayar?

Akwai ma'adana iri biyu a waya da ake yawan rikita su. Ta farko ita ce wadda ake ajiye hotuna da manhajoji, irin 64GB ko 128GB. Ta biyu ita ce RAM, irin 2GB ko 4GB, wadda wayar ke shimfiɗa aikin da take yi a yanzu. Ta farko kamar sito ce, RAM kuma kamar teburin tela: komai girman sito, idan teburin ƙarami ne ba zai ɗauki yadi goma a baje lokaci guda ba.

Tun da Google ta fitar da Chrome a 2008 aka tsara ta yadda shafuka ke aiki a rarrabe, don kada mutuwar ɗaya ta ja sauran. Shi ya sa shafi ɗaya ke mutuwa amma burauzar tana nan. Android kuma tana da nata tsarin da ke kashe wasu ayyuka idan RAM ta kusa cika, don kada wayar gaba ɗaya ta sandare.

Me ya sa sai shafin hoto da bidiyo?

Hoton da ke intanet a matse yake. Hoto mai fiksel 4000 a faɗi da 3000 a tsayi zai iya zama 3MB kawai a matsayin fayil. Amma kafin ya bayyana a fuskar waya dole a warware shi, kuma kowane fiksel kan ci bait 4. Fiksel miliyan 12 sau 4 ya zama kusan 48MB a hoto ɗaya. Ashirin irinsa sun doshi 1GB. Burauza tana da dabarun rage wannan nauyi, kamar zubar da hoton da aka wuce, amma a wayar da ke da RAM 2GB, wadda Android da WhatsApp da Facebook suka riga suka cinye kaso mai yawa, wurin da ya rage ba shi da yawa.

Bidiyo kuma jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri, yawanci 30 a daƙiƙa ɗaya. Shi ma a matse yake zuwa, da tsare-tsare irin H.264 da VP9 da AV1. Wayoyi suna da wani ɓangare na musamman da ke warware H.264 cikin sauƙi, amma AV1 da ya fito a 2018 tsofaffin wayoyi da yawa ba su da ɓangaren warware shi. A nan sai furosesa ta ɗauki aikin da kanta, wayar ta yi zafi, komai ya yi nauyi. Idan ga tallace-tallace masu motsi uku ko huɗu suna wasa a gefe, nauyin ya ninka.

Gano inda matsalar take

Kafin a taɓa komai, a yi gwaji uku, domin kowanne yana nuna inda za a dosa.

Na farko, a buɗe wani shafin daban mai bidiyo, kamar YouTube. Idan ya yi aiki lafiya, matsalar ta wancan shafin ce shi kaɗai.

Na biyu, a buɗe shafin da ke mutuwa a Incognito, wanda ake samu idan an taɓa ɗigo ukun da ke saman Chrome. Incognito ba ya amfani da kukis da tsofaffin bayanan da burauza ta ajiye. Idan shafin ya buɗe a can, to wani abu ne ya lalace a cikin abin da aka ajiye.

Na uku, a gwada shafin a wata burauza. A Android, Firefox ta fi dacewa da wannan gwaji, saboda injinta daban ne, alhali Opera da Edge da Brave da Samsung Internet duk a kan Chromium aka gina su, tushe ɗaya da Chrome. Idan ya mutu a ko'ina, ko dai shafin ya fi ƙarfin wayar ko kuma wayar ce ke da matsala.

Matakan gyara, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi

1. A rage abin da ke buɗe. A rufe shafukan da aka tara a burauza, a fita daga wasanni da manhajojin bidiyo irin TikTok, sannan a kashe wayar a kunna. Akwai masu yin wata guda ba su kashe waya ba, kuma wannan matakin kaɗai yakan wadatar.

2. A sauke ingancin bidiyo. Bidiyon 1080p yana da fiksel 2,073,600 a kowane hoto, na 360p kuma 230,400, wato kashi ɗaya cikin tara. A YouTube ana taɓa alamar saiti a kan bidiyon, a shiga Quality a zaɓi 360p ko 480p. A ƙaramar fuskar waya bambancin ba ya damun ido sosai, ga kuma sauƙin data.

3. A duba ko Desktop site a kunne yake. Idan akwai alamar maki a gabansa cikin jerin ɗigo uku, wayar tana ɗauko shafin da aka yi wa kwamfuta ne, wanda sau da yawa ya fi nauyi. A cire makin.

4. A share cache. A Chrome ana shiga ɗigo uku, a nemi Delete browsing data, wanda a tsofaffin fitowa ake kira Clear browsing data, a zaɓi Cached images and files. Idan bai yi ba sai a ƙara da kukis, amma a sani cewa hakan zai fitar da mutum daga asusun da ya shiga. A nan akwai wurin taka-tsantsan: a cikin Settings na waya, ƙarƙashin Apps, akwai Clear cache akwai kuma Clear storage ko Clear data. Na farkon ba ya cutarwa. Na biyun yana mayar da burauza kamar sabuwa, kuma zai iya tafiya da shafukan da aka adana da fasuwod ɗin da ba a haɗa da asusun Google ba. Masu iPhone kuma za su sami Clear History and Website Data a saitin Safari.

5. A sabunta Chrome da Android System WebView a Play Store. WebView ita ce ke buɗe shafuka a cikin wasu manhajoji ba tare da an fita zuwa burauza ba. A watan Maris na 2021 wani kuskure a cikinta ya sa manhajoji irin Gmail suka riƙa rufewa da kansu a wayoyi masu yawa a duniya, har sai da Google ta fitar da gyara. Wanda wayarsa ta tsufa ya lura cewa Chrome takan daina tallafa wa tsofaffin Android: Chrome 119 ta ƙarshen 2023 ita ce ta ƙarshe ga Android 7. A iPhone kuwa Safari tana sabuntuwa ne tare da iOS.

6. A kashe Preload pages. Yana cikin Settings na Chrome, ƙarƙashin Privacy and security. Aikinsa shi ne ɗauko shafukan da Chrome ke zaton za a buɗe tun kafin a taɓa su. A ƙaramar waya gara a zaɓi No preloading.

7. A bar sarari a ma'adana. Idan saura 'yan megabait kaɗan, burauza ba ta samun wurin ajiye guntayen bidiyon da take saukewa. Bidiyoyin guruf-guruf na WhatsApp su ne kan gaba wajen cika waya, kuma ana iya share su daga Storage and data a cikin WhatsApp ɗin.

8. A bar wayar ta huce. Idan waya ta yi zafi takan rage gudunta da kanta don kare kayan cikinta. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kallon bidiyo ana caji cikin kauri-kaurin kondon roba yana ƙara wa wayar wahala. A cire caja, a cire kondon, a ba ta 'yan mintoci a inuwa.

9. A gwada Safe mode. A wayoyin Android da yawa ana danne maɓallin kashewa, sannan a danne Power off har zaɓin ya fito. A wannan yanayi manhajojin da mai waya ya saka da kansa ba sa aiki. Idan shafin ya daina mutuwa, ɗaya daga cikinsu ce sanadi, sai a fara cire waɗanda aka saka kwanan nan.

Matsalar ɗora hoto a fom

Wannan tana da nata dalilin. Idan aka taɓa wurin ɗora hoto aka zaɓi kamara, burauza takan koma baya, kamara ta zo gaba. Kamara tana cin RAM sosai, don haka Android tana iya kashe burauzar don samar mata wuri. Da an dawo sai shafin ya loda daga farko, fom ya zama fanko. Maganinsa shi ne a ɗauki hoton tun kafin a buɗe fom, a yanke shi a rage girmansa zuwa yadda shafin ya nema, sannan a ɗauko shi daga fayil. Dogayen amsoshi kuma a fara rubuta su a manhajar rubutu, a kwafo a liƙa.

Abubuwan da ba sa taimakawa

Manhajojin da ke alƙawarin wanke RAM ko ƙara wa waya gudu yawanci su kansu suna zama a RAM ɗin, ga tallan da suke turowa. Haka duk shafin da ya fito yana gargaɗin cewa waya ta kamu da bairos kuma dole a sauke wani abu yanzu-yanzu, tarko ne. Shafin intanet ba shi da ikon binciken cikin waya irin haka, don haka a rufe shi kawai.

Ƙarin RAM da ake gani a wasu wayoyin Tecno da Infinix da Samsung, irin MemFusion ko RAM Plus, aro ne daga ma'adana. Yana taimaka wa manhajojin da ke jira a baya, amma bai kai RAM ta gaske sauri ba. Wayar da aka tallata da 4GB+4GB, RAM ɗinta ta ainihi 4GB ce, kuma ita ya kamata a duba ranar saye.

Ga masu kwamfuta

A Chrome ta Windows, danna Shift da Esc tare yana buɗe jerin da ke nuna yawan RAM da kowane shafi ke ci. Idan shafukan bidiyo ne kawai ke mutuwa, a shiga Settings, sannan System, a kashe Use graphics acceleration when available, a sake kunna burauzar. Idan hakan ya gyara, direban katin hoto ne ke buƙatar sabuntawa.

Idan an bi duk matakan nan amma shafi ɗaya ne tak ke mutuwa, kuma yana mutuwa a wayar aboki ma, laifin na masu shafin ne, sai a jira su gyara ko a sanar da su. Idan kuwa wayar tana kashe kanta, ko tana zafi ba a aikin komai, ko bayanta ya fara kumbura, a daina caji a kai ta wurin mai gyara, domin wannan alamar batir ce.