Filin Shawara: Man "oganik" ya ƙona min fuska

Saura wata uku bikina. Na daina shafa man bilicin saboda tsoro, sai na koma sayen wani haɗi a hannun wata mai gyaran jiki. Ta ce min oganik ne, da itatuwa zalla aka yi shi, ba ya cutar da jiki ko muhalli. Cikin sati biyu na yi fari tas, amma yanzu da na shiga rana sai fuskata ta ɗau zafi kamar an watsa barkono, ga jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Yaya zan yi?

Ƙanwarki daga Zariya

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya.

Babu ganye ko saiwar da ke mayar da mutum fari cikin sati biyu. Abin da ke wannan aiki sinadarai ne irin su haidirokwinon da sitiroyid, wanda ke cinye kaurin fata har jijiya ta bayyana. Wasu har makuri suke zubawa, mai lalata ƙoda, wanda kuma ke bin ruwan wanka ya gangara rafi ya shiga jikin kifi. Bilicin ɗin da kika gudu ne aka sauya wa suna. Ki duba robar, ina kyautata zaton ba lambar NAFDAC a jiki.

Ki ɗauki robar ki kai wa likitan fata, ga asibitin koyarwa na Shika kusa da ke. Fatar da ta saba da sitiroyid takan yi bore da ƙuraje in an yanke mata shi, don haka likita ne zai tsara miki yadda za ki rabu da shi. Ki guji rana, ki dakata da dilka da kurkum da lemon tsami har ki warke.

Abin da kike nema kuwa yana kasuwarku tun zamanin kakanni. Sabulun salo da toka da mai ake dafa shi. Yana da kaifi, don haka ki yi kumfarsa a tafin hannu, kada ki goga shi kai tsaye a fuska. Bayan wanka, jiki da sauran danshi, ki murza ɗanyen man kaɗe. Na san 'yan mata na ƙorafin warinsa. Ɗan kaɗan ya isa, kuma warin ba ya daɗewa.

Maganar kaɗanya tana ci min rai. Bishiya ce da ke kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya, amma a yini guda ake sare ta a toya gawayi. Matan karkara a jihohin Neja da Kwara da Kebbi su ke tsintar ƙwallon da damina, su dafa, su daka, su kaɗa da hannu har mai ya taso. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon waje don a riƙa sarrafa shi a gida. Duk ranar da kika sayi mai a hannun waɗannan mata, kin ƙara wa maigona dalilin barin bishiyar a tsaye.

Man kaɗe ba zai sa ki fari ba, kar in yaudare ki. Laushi da sheƙi zai ba ki, cikin kalar da Allah ya yi ki. Ki je asibiti cikin satin nan, ƙanwata, sannan ki rubuto min abin da likita ya ce.