Filin Manoma: Jera Kaya A Kan Gadon Katako Domin Siton Amazon

Jama'a, yau za mu yi magana a kan abin da ya shafi masu aika busasshen zoɓo da garin citta da man kaɗe zuwa Amurka. Akwai wani kamfani can, Amazon, wanda aka kafa a 1994, kasuwarsa ta intanet ce. Tun 2006 ya buɗe wa 'yan kasuwa sitocinsa, watau ka kai kayanka su ajiye, in an saya su ɗaure su aika wa mai saye. Amma kaya masu yawa ba a karɓarsu zube kamar a kasuwar Dawanau. Sai an jera su a kan gadon katako, wanda motar ɗaga kaya ke zura wa yatsunta biyu ta ɗauka.

Gadon da suke so a Amurka mai inci 40 ne a faɗi, 48 a tsawo, wanda mota za ta iya shiga ƙarƙashinsa ta kowane gefe huɗu. Na ƙasashen Turai dabam ne, santimita 80 da 120, saboda haka kada a haɗa su. Nauyin gado duk da kayansa kada ya wuce laba 1,500, kusan kilo 680 ke nan, kwali ɗaya kuwa laba 50. Wajen tsayi, wanda ya tsaya a ƙafa 6 har da gadon ya huta da gardama.

To, ga inda aka fi yin ɓarna. Mu mun saba da jerin buhu, irin na dalar gyaɗa da aka yi a Kano a shekarun 1950 da 1960, inda kowane buhu ke hawa kan gaɓar biyu na ƙasa kamar ginin tubali. Buhu yana son haka. Kwali kuwa ƙarfinsa a kusurwoyinsa yake. In ka ɗora kusurwa bisa kusurwa, nauyi ya bi su ya sauka har ƙasa. In ka sarƙa su, kusurwar na sama ta faɗa tsakiyar na ƙasa inda ba ƙarfi, kafin a isa sito sai ka tarar na ƙasa sun lotsa. Ni a ganina a jera su kai da kai, a sa faifan kwali tsakanin sahu da sahu don kada jerin ya rabe. Masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, saman kuma ya zama bai ɗaya. Kada kwali ya leƙo waje da bakin gado, domin wanda ya leƙo ba abin da ke tallafe da kusurwarsa.

Sa'an nan a naɗe da leda mai miƙewa, wadda ake ganin kaya ta cikinta. A fara daga gindi, a haɗa da katakon kansa, in ba haka ba kaya su zame su bar gado. Kowane kwali da takardar lambarsa, gado kuma takardu huɗu, ɗaya a kowace fuska, a bayan leda.

Saura maganar ƙwari, wadda ta fi shafar aikinmu na gona. Ɗanyen katako yana ɗauke da ƙwarin da ke cin itatuwa. Don haka a 2002 ƙasashe suka yi ƙa'idar ISPM 15, cewa katakon da zai ƙetare iyaka lalle a gasa shi har cikinsa ya kai zafin digiri 56 na minti 30, ko a yi masa hayaƙin magani, a buga masa hatimi. Wanda aka gasa za ka ga HT a jikinsa. Gadon da kafintan unguwa ya buga ba shi da wannan hatimi, ana iya mai da shi daga bakin tasha, kuɗin dawowa kuwa a wuyanka.

Shi ya sa 'yan kasuwa da yawa ke cika kwantena da kwalaye kawai, sai an sauke a Amurka wakili ya jera su a kan gadon can. Mai mota kuma tilas ya nemi ranar sauke kaya kafin ya tunkari ƙofar sito.