Kafin Ka Sayi Aksolotil a Malanville, Auna Ruwan Randarka

Sau uku ke nan a bana ana nuna mini hoton dabbar nan a waya. Na baya-bayan nan wani Alhaji ne Basakkwace da ya shekara shida yana harkar albasa da shinkafa a nan Malanville. Ragonsa mai zawo ne ya kawo shi wurina, muna gamawa sai ya zaro waya. "Likita, duba mini kifin nan. Yarinyata ta hana ni sakat a kansa. Wani a Kwatano ya ce zai aiko mini da shi ta mota, kuma ya ce ba ya mutuwa, ko an yanke masa ƙafa wata ke tsirowa."

Maganar nan ta "ba ya mutuwa" tana ɓata mini rai ƙwarai, domin ita ce ke kashe dabbar.

Aksolotil dai ba kifi ba ne. Dangin kwaɗo ne mai siffar ƙadangare, wanda ba ya barin ruwa har tsufansa. Gezar nan uku-uku da ke kowane gefen kansa, wadda yara ke cewa ado ce, da ita yake numfashi. Maganar tsirowar ƙafa gaskiya ce. Yana mayar da ƙafa, da wutsiya, har da wani sashe na zuciya da laka, shi ya sa masu bincike suka riƙe shi tun da aka kai shi birnin Faris wajen 1864. Amma mayar da ƙafa ba ya kare shi daga zafi, kuma zafi shi ne matsalarmu a nan.

Asalinsa tafkin Socimilko ne a gefen birnin Meziko, kan tudun da ya haura mita 2,200, inda ruwa ke da sanyi duk shekara. Jikinsa ya fi son ruwa mai digiri 16 zuwa 18. Yana iya haƙuri da 20. Idan ruwa ya kai 24 ya kwana biyu a haka, to an shiga hatsari. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi sosai, jikin dabbar kuwa ƙara buƙatarta yake yi. Sai ya daina cin abinci, gezar ta tsuke ta koɗe, wani farin abu kamar auduga ya fito masa a jiki, ya riƙa tasowa saman ruwa yana kasa nutsewa.

To, yaya ruwanmu yake? Na taɓa tsoma ma'aunin zafi a randar gidana da azahar cikin watan Afrilu. Randa ce ta ƙasa, tana inuwa, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, ruwan da baƙo zai sha ya yi hamdala. Ma'auni ya tsaya a 27. Wato ruwan da muke kira mai sanyi a garin nan ya riga ya wuce abin da aksolotil zai rayu a ciki. Balle akwatin gilashi a falo mai rufin kwano, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin gari ke haura 40. Damina ma ba ta sauko da ruwan ɗaki inda ake so. Hunturu kaɗai ke kusantowa, kuma a nan ake ruɗuwa: mutum ya saya a Disamba, dabba ta yi ƙiba ta yi kyau, ya tabbata cewa likita ne mai tsananta magana. Bazara na shigowa sai a wayi gari da gawa, yarinya na kuka.

"Ai sai in riƙa sa masa ƙanƙara," in ji Alhajin. Kowa haka yake cewa. Ƙanƙara takan sauko da ruwa na awa ɗaya ko biyu, ta narke, ruwa ya koma inda yake. Hawa da saukar nan kanta ciwo ce a jikin dabbar, wani lokaci har ta fi zafin illa. Wa zai tashi ƙarfe uku na dare ya canza gorar ƙanƙara, yau da gobe, wata uku a jere? Kuma ranar da aka ɗauke wuta, firjin da ke yin ƙanƙarar ma ya tsaya. Fanka a kan ruwa tana ɗan rage zafi, amma ba ta isa ba. Abin da ke aiki shi ne injin sanyaya ruwa da aka ƙera don akwatin kifi, yana kunne dare da rana, da sola da batir masu ɗaukarsa idan wuta ta tafi. Wanda ba shi da wannan kada ya saya. Ban san wata dabara ta biyu da zan ba shi ba, kuma duk wanda ya ce masa akwai, kuɗinsa yake so.

Masu tallar nan a Facebook da TikTok su ne nake ganin laifinsu. Tun da wasan Minecraft ya sa aksolotil a ciki a 2021 yara suka san shi, masu sayarwa kuma suka samu kasuwa. Za su nuna maka fuskarsa mai kama da murmushi, su faɗi farashi, amma babu mai tambayar a wane gari kake. Daga Kwatano zuwa nan ya haura kilomita 700, ta Paraku da Kandi, wuni guda cur a cikin leda a ƙarƙashin kaya. Wanda ya iso da rai ma ya riga ya jigata.

Sai batun baƙunci, wanda 'yan uwanmu mazauna nan ba sa lissafawa. Dabbar nan tana kai shekara 10 zuwa 15. Kai da ke tafiya gida kowace Sallah, wa za ka bar wa injin da canjin ruwa? Ranar da harka ta ƙare ka tashi komawa Sakkwato ko Dosso, ba a ɗaukar ta kamar kaza. Tana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, ƙetare iyaka da ita sai da takardar izini. Kowa kuma ya ga yadda ƙetarewa ta koma kwale-kwale bayan an rufe gadar Gaya sanadin juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Mun san hadisin matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa. Dabbar da ka tsare a gilashi, ba ta iya neman sanyi da kanta, haƙƙinta na wuyanka.

Wanda ya mallaki injin da wutar, ga sauran a taƙaice. Akwatin kada ya gaza lita 80 don guda ɗaya, kuma faɗi ya fi zurfi amfani. A bar matatar ruwa tana aiki sati huɗu zuwa shida kafin a sa dabbar. Ruwan famfo sai an cire masa kulorin. Kada a zuba tsakuwa, haɗiye ta yake yi ta toshe masa hanji, a bar ƙasan haka ko a sa rairayi mai laushi. Tana ita ce abincinsa mafi kyau. Ba a haɗa shi da kifi, ba a ɗaga shi da hannu don baƙi su gani. Wanda kuma ya riga ya saya ba tare da inji ba, ya kai shi ɗaki mafi sanyi, ya riƙa canza ruwa kullum, ya nemi mai inji ya ba shi tun kafin Maris. Kada a sake shi a kogin Kwara, domin baƙuwar dabba tana iya yi wa na gida ɓarna. A can Socimilko ma karfasa da aka zuba tana cikin abin da ya cinye 'ya'yansa, har ƙidayar masana ta faɗo daga 6,000 a murabba'in kilomita a 1998 zuwa 36 a 2014.

Alhajin dai na ce masa ya ɗauki yarinyar su gangara bakin ruwa wurin masunta, su nemi 'yar ƙaramar gaiwa. Ita ma tana fitowa da geza a waje lokacin da take ƙarama, ga siraran gaɓoɓi huɗu da take rarrafe da su, tana kuma tasowa ta shaƙi iska, abin da yaro zai wuni yana kallo. Zafinmu ba ya damun ta, tun da a cikin busasshiyar laka take wuce rani. Sai dai a ajiye ta ita kaɗai, a rufe akwatin da murfi mai nauyi a bar mata sarari tsakaninsa da ruwa, a gargaɗi yarinyar cewa tana cizo, kuma a shirya mata wuri babba domin tana iya kai mita guda.