Man Birki a Tsohuwar Mota: Zaɓensa da Canza Shi

Daga cikin mayukan da mota ke amfani da su, babu wanda ake yi wa sakaci kamar man birki, duk da cewa tsayuwar mota a kansa ta dogara. Mai mota yakan san ranar da ya juye baƙin mai, yakan kuma leƙa ruwan lagireto kowace safiya, amma idan aka tambaye shi lokacin da aka canza man birkinsa, amsar da aka fi ji a gareji ita ce ana ƙara masa duk sa'ad da ya ragu. Wannan sakaci ya fi yin illa ga tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 da 505 waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, da tsofaffin Golf da Corolla da bas-bas na haya, domin robobinsu da bututansu sun riga sun sha aiki.

Birkin irin waɗannan motoci yana aiki ne bisa ƙa'idar da masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana a ƙarni na 17, wato idan aka matsa ruwan da ke rufe cikin mazubi, matsin yana isa kowane sashe na ruwan daidai wa daida. Idan direba ya taka birki, ƙarfin ƙafarsa yana tura fistan a cikin masta, wato famfon da ke ƙarƙashin tankin man birki, daga nan man ya bi ta bututan ƙarfe da tiyo-tiyon roba har zuwa kowace taya, inda yake tura fatar birki ta damƙi faifai ko gangar da ke juyawa tare da tayar. Aikin yana yiwuwa ne saboda ruwa ba ya matsuwa, iska da tururi kuwa suna matsuwa, shi ya sa duk abin da ya shigar da su cikin bututu ya raunana birki.

A nan ne batun tsufan mai ya shigo. Man birkin da aka fi amfani da shi ana yin sa ne da sinadarin gilaikol, wanda ɗabi'arsa ce zuƙar danshi daga iska, ta hujin murfin tanki da kuma ta jikin tiyon roba, ko da motar tana ajiye ba a hawanta. Haruffan DOT da ake gani a jikin gwangwani suna nuni ne ga ma'aikatar sufuri ta Amurka, wadda ƙa'idarta ta ƙayyade mafi ƙarancin zafin da kowane aji na mai zai jure kafin ya tafasa. Sabon DOT 3 ba zai tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas ba, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma digiri 260, amma idan ruwan da ke cikinsu ya kai kashi 3.7 cikin 100, iyakar da ƙa'idar ta sa musu tana sauka zuwa 140 da 155 da 180 bi da bi. Ke nan ɗan ruwan da ido ba ya gani yana iya rage juriyar mai da digiri 65 ko fiye.

Illar wannan ba ta cika bayyana a cikin gari ba, inda birki ke samun sararin hucewa. Tana bayyana ne a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, musamman idan mota ta ɗauko kaya fiye da ƙima, direba kuma ya ɗora ƙafa a kan birki maimakon ya sauko da giya. Zafin fata da faifai yana ratsawa zuwa man, ruwan da ke cikinsa ya zama tururi, sai matakin birki ya nutse har ƙasa ba tare da motar ta rage gudu ba. Bayan ƙarfe ya huce birkin yakan dawo kamar babu abin da ya faru, abin da ke sa a ɗauka matsalar ta wuce alhali tana nan. Ban da haka, ruwan yana haifar da tsatsa a cikin masta da silindojin taya, tsatsar ta ci roba, robar ta fara yoyo.

Wajen zaɓe, abin da ya kamata a fara bi shi ne rubutun da ke kan murfin tanki ko littafin motar, wanda a yawancin tsofaffin motoci yake cewa DOT 3 ko DOT 4. Waɗannan biyu da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna iya gauraya, kuma motar da aka rubuta mata DOT 3 za ta karɓi DOT 4, sai dai ba a zuba DOT 3 a wadda ke buƙatar DOT 4, domin an rage mata juriyar da aka ƙera ta a kai. DOT 5 kuwa, duk da kusancin lambarsa da 5.1, da silikon ake yin sa, galibi launinsa shunayya ne, ba ya gauraya da sauran, kuma bai dace da motar da ke da na'urar ABS ba, wato na'urar da ke hana taya kullewa yayin taka birki da ƙarfi. Akwai kuma wasu tsofaffin motocin Citroën da ke amfani da koren mai da ake kira LHM, wanda asalinsa man ma'adini ne, kuma zuba musu man DOT yana lalata robobinsu.

Akasin haka ma gaskiya ne, domin idan baƙin mai ko man giya ko man sitiyari ya shiga tsarin da aka yi don DOT, robobin sukan kumbura su yi laushi, ta yadda gyaran ba zai tsaya a juye mai ba, sai an canza duk robar da ya taɓa. Mafi muni shi ne ɗabi'ar zuba ruwan sabulu a madadin man birki, domin ruwa yana tafasa a digiri 100, yana kuma cin ƙarfe daga ciki, saboda haka wanda ya yi wannan dabara a motar haya ya jefa rayukan fasinjoji cikin haɗari. A wajen saye, a nemi gwangwanin da ke liƙe da hatiminsa, a guji wanda ake tsiyayowa daga buɗaɗɗen galan, domin ya riga ya sha danshi tun kafin ya shiga mota, kuma araha ba ta ado. Ƙaramin gwangwani ya fi dacewa, tun da ragowar da aka buɗe ba ta daɗewa da ingancinta.

Masu ƙera motoci da yawa suna ba da shawarar canza man birki duk shekara 2, ko an yi tafiya mai yawa ko ba a yi ba. Man da ya yi duhu alama ce ta tsufa, amma haskensa ba hujja ba ce ta lafiyarsa, kuma akwai ƙaramar na'ura da bakanike ke tsomawa a tanki ta nuna yawan ruwan da ke ciki. Raguwar mai a hankali takan nuna fatar birki ce ke cinyewa, raguwa da sauri kuma yoyo ne, don haka ƙari ba tare da bincike ba rufe matsala ne kawai.

Canjin kansa, wanda bakanikai ke haɗawa da fitar da iska suna kira bilidin, aiki ne na mutum biyu. Ana tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a tokare tayoyi, a ɗora ta a kan matokari mai ƙarfi ba jak kaɗai ba, a goge kewayen murfi don kada ƙura ta faɗa ciki, sannan a zuƙe yawancin tsohon man da sirinji a cika da sabo. Daga nan a sa siririn tiyo mai nuna abin da ke cikinsa a kan notin fitar da iska na taya, a tsoma ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan mai, mataimaki ya taka birki ya riƙe, bakanike ya kwance notin ya bar mai ya fita, ya ɗaure kafin a ɗaga ƙafa. Ana maimaitawa har sai mai tsabta ya fito babu kumfa, ana kuma lura kada tanki ya ƙafe, domin idan ya ƙafe iska ta shiga masta, aiki ya koma farko. Galibi ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta a ƙare da mafi kusa, sai dai idan littafin motar ya nuna wani tsari dabam.

Tsohuwar mota tana buƙatar ƙarin hattara a wurare uku. Na farko, fistan masta ya yi shekara da shekaru yana kai-komo a ɗan gajeren wuri, can ƙurya kuwa tsatsa da datti sun taru, saboda haka idan aka danna mataki har ƙasa robar za ta bi ta kan wannan kaushi ta yage, shi ya sa ake sa guntun katako a ƙarƙashin matakin don a taƙaita nutsewarsa. Na biyu, notin fitar da iska yakan kafe da tsatsa, kuma siriri ne mai rami a ciki, don haka a goge shi, a jiƙa shi da man sassauta tsatsa, a yi amfani da sifana mai zobe daidai girmansa, domin idan ya karye a ciki aikin ya ninka. Na uku, a duba tiyo-tiyon roba ko sun tsage ko sun kumbura, a ɗaga robar da ke rufe silindar gangar baya a ga ko akwai jiƙa, domin sabon mai ba ya gyara ruɓaɓɓiyar roba.

Idan an kammala, a danna birki a riƙe na ɗan lokaci, matakin ya tsaya da tauri ba tare da yana sulalewa ba, sannan a gwada motar a hankali a wurin da babu jama'a kafin a hau titi. Man da ya zuba a jikin mota a wanke shi da ruwa nan take domin yana cin fenti, tsohon kuma a rufe shi a nisanta shi da yara da dabbobi domin guba ne. Haƙƙin bakanike ne ya rubuta wa mai mota ranar canjin da ajin man da ya zuba, haƙƙin mai mota kuma ya adana rubutun ya dawo a kan lokaci, haka nan ya dace shugabannin tasha su nemi wannan shaida daga direba kafin su ba motarsa layin ɗaukar fasinja.