Kafin Ka Sayi Dokin Teku

Ɗana, tunda ka dage sai ka saka dokin teku a tankin gilashin nan naka na ruwan gishiri, zauna ka ji abin da za ka duba kafin kuɗi su bar aljihunka.

Ka ce wa mai shago ya ba shi abinci a gabanka, kada kunya ta hana ka. Wannan kifi ba shi da haƙori, ba shi da tumbi. Abin da ya zuƙa da dogon bakinsa ba ya daɗewa a cikinsa, shi ya sa dole ya ci sau 2 ko 3 a yini. Mai lafiya, da an zuba masa daskararrun ƙananan jatan lande da ake kira mysis, za ka ga ido ɗaya ya bi abincin, ɗayan kuwa yana can yana kallon wani wuri dabam. Sai ya sunkuyo a hankali, ya fizge shi farat ɗaya. Wanda ya kau da kai, ƙyale shi komai kyawun launinsa. Ai launin ma canzawa yake yi in ya sauya muhalli. In mai shago ya ce yanzun nan ya ci, ka ce to madalla, gobe ka dawo.

Ka tambaya kuma: a tanki aka haife shi, ko daga teku aka kamo shi? Na teku bai san abinci ba sai mai rai, sau da yawa yunwa ce ke kashe shi a hannun sabon shiga, ga ƙwayoyin cuta da yake tahowa da su. Tun 2004 yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wato CITES, ta sa wa cinikinsa tsakanin ƙasashe takunkumi, saboda yadda ake kwasar su ana busarwa don magani. Nemi na kiwo, musamman irin da ake kira Hippocampus erectus, ya fi juriya.

Sai ka matso kusa da gilashin. Cikinsa ya zama a cike. In fatar da ke tsakanin zobban jikinsa ta lotsa, ya daɗe bai ci ba. Jelarsa ta naɗe reshe ko ciyawa ta riƙe gam. Farin tabo a kan jela ko baki, numfashi da sauri, ko yawo a saman ruwa ya kasa nutsewa, duk ciwo ne. Na ƙarshen nan iska ce ta taru masa, galibi a jakar namiji, wadda a ciki yake rainon 'ya'ya, ikon Allah.

Saura zafi. Ruwansa ya tsaya tsakanin digiri 22 zuwa 24 na ma'aunin Celsius, in ya haura haka ƙwayar cutar da ake kira Vibrio ta samu wurin yaɗuwa. Da bazarar garin nan da wutar da ake ɗaukewa, ka fara tanadin na'urar sanyaya ruwa da batirin da zai riƙe ta, sannan ka je shagon.