Amsoshin Tambayoyinku: Tsiro mai cin ƙwari zai rayu a Matankari?

Tambaya: Na ga bidiyon wani tsiro da ganyensa ke kama ƙuda ya cinye. Gaskiya ne ko haɗin kwamfuta? In gaskiya ne, zan iya rainonsa a ɗakina don ya rage mini sauro? Daga wani mai karatu a Matankari, jihar Dosso.

Amsa: Gaskiya ne. Masana na kiran dangin wannan tsiro Drosera, kuma irinsa ya kai kusan 200 a duniya. Tun a 1875 Charles Darwin na Ingila ya fitar da littafi kan tsire-tsire masu cin ƙwari, inda ya fi mai da hankali a kansa. Ganyensa cike yake da gashi, kowane gashi da ɗigon danƙo a bakinsa. Da ƙwaro ya sauka sai ya manne, gashin ya lanƙwaso a kansa, ganyen ya fitar da ruwan da zai narkar da shi. Yana haka ne domin a fadamun da yake fitowa ƙasa ba ta da abinci, sai ya nemi naitirojin daga jikin ƙwari.

Batun sauro kuwa, kada ka jingine gidan sauronka. Ƙananan ƙwari kaɗan yake kamawa, ba zai tsare ka daga zazzaɓi ba.

Rainonsa mai yiwuwa ne, amma abin da ke raya gero shi ke kashe shi. Kada taki ya kusance shi, ko na shanu ko na zamani, domin yana ƙone saiwarsa. Haka ruwan rijiya da na famfo: ma'adinan da ke cikinsu na taruwa a tukunya har tsiron ya mutu. Ruwan sama yake so. Ka tara shi a roba mai tsabta da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ka rufe ka ajiye. In ya ƙare, nemi tacaccen ruwan da ake zuba wa batir, ka tabbatar ba mai asid ba ne.

Ƙasar shuka ita ce yashi da aka wanke sau da yawa, a gauraya da garin ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka wanke. Zuba a tukunyar roba, ba ta yumɓu ba, ka ɗora ta cikin faranti mai ruwa kamar santimita 1 zuwa 2, kada ya taɓa ƙafewa. Ajiye ta a taga ta gabas don ta sha hantsi. Ganye ba danƙo alama ce ta ƙarancin haske ko bushewar iska.

Lokuta biyu za su gwada ka: hunturu da ke busar da danƙon, da zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Shi ya sa Drosera capensis ta Afirka ta Kudu, wadda aka fi sayarwa, kan wahala a nan. Gara Drosera indica, wadda ke fitowa da kanta a wuraren damshi na Afirka ta Yamma, ta yi iri cikin shekara guda ta mutu. Barbaɗa irinta a saman ƙasa ba tare da binnewa ba a farkon damina, ka tattara sabon iri kafin hunturu ya kama, ka adana na baɗi.