Birkin Baya na Tsohuwar Hilux: A Buɗe Kafin a Sayi Kaya

Tambaya: Tsohuwar Hilux ɗina sai na taka birki har ƙasa kafin ta tsaya, kuma tana fizga gefe guda. Bakanike ya ce in sauya takalman birkin baya. Shin hakan ya isa?

Amsa: Malam, kada ka sayi komai sai an cire tukwanen birkin baya biyu an duba. Feda mai nutsewa yawanci tazara ce ta yi yawa tsakanin takalmi da tukunya, domin laka da tsatsa kan daskarar da ƙarfen da ke daidaita su, musamman a motar da ke ratsa rafi da damina. Fizgar kuwa tana nuna ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kamawa, kuma sau da yawa mai ne ya jiƙa takalmin: ko man birki daga silindar ƙafa, ko man giya daga sil ɗin aksil da ya mutu. Sabon takalmi a kan wannan yoyo, kwana kaɗan zai jiƙe shi ma.

Wani zai ce a wanke tsohon da fetur a mayar, ai an rage kashe kuɗi. Ban yarda ba. Mai ya riga ya shige cikin takalmin, da ya ɗau zafi zai sake fitowa, wataƙila a gangare da kaya a baya. A toshe yoyon, a sauya takalman ɓangarorin biyu tare, a auna tukunyar da iyakar faɗin da aka rubuta a jikinta, sannan a fitar da iska daga bututun man birki. In fizgar ta ci gaba, a duba birkin gaba.